Rasuwar Makullan Ƙafafun Gaba na Motar Malam Gado

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi biyu da suka daina lanƙwasuwa, Malam Gado Maidawa na unguwar Zariya a Maraɗi, tsohon malamin lakkwal, wato makarantar boko, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda ba su tambaya ba, rasuwar makullan ƙafafun gaba na motarsa kat-kat mai ja da ƙafa huɗu, Na-Hagu da Na-Dama. Tagwaye ne. Sun rasu ranar Talata da hantsi a garejin Maman Lawali bakanike, bayan shekara ashirin da shida suna aiki.

Domin matasan da ba su san mamatan ba: makullai ne na murɗawa da hannu, kowanne a cibiyar tayarsa. In mota ta iso bakin yashi sai a tsaya, a sauka, a durƙusa a murɗa su, sannan ƙafafun gaba su kama ja tare da na baya. Sai fa an murɗa duka biyun. Wanda ya murɗa ɗaya ya bar ɗaya, daidai yake da wanda bai sauka ba. Malam Gado ya karanta wannan a littafin motar da Faransanci, ya ja masa layi da jan biro, har ya gyara wa marubucin kuskure biyu a shafin.

Mamatan ba su da surutu. Duk rayuwarsu kalma ɗaya suka sani: "ƙas" in sun kama, "ƙas" in sun saki. A shekara talatin na koyarwa Malam bai taɓa haɗuwa da sufeto mai irin wannan kamun baki ba. Ba su taɓa yin abin da ba a sa su ba, ba su kuma taɓa ganin sun fi mai mota sanin hanya ba.

Tun ranar da aka sayi motar aka raba su. Na-Hagu na Malam ne, don yana gefen direba. Na-Dama na matarsa ne, marigayiya Zuliha, 'yar Tibiri. Kowace Asabar, a hanyar gonarsu ta zogale a Jiratawa, in sun iso yashin Gulbi, shi ya sauka ta nan, ita ta tattare zane ta sauka ta can, kuma kullum nata "ƙas" ke riga nasa. Sai ta leƙo ta gaban motar ta ce, "Malam, a littafin naka ba a rubuta yadda ake durƙuso ba ne?"

Ciwon ajali ya fara bara waccan, bayan rasuwar Zuliha. Malam bai fasa zuwa gona ba. Yakan tsaya a bakin yashi, ya sauka, ya murɗa Na-Hagu, ya ɗan saurara, ya koma ya zauna. Motar ta shiga ta kafe har ciki. Manoman Jiratawa su bar ban-ruwa su zo turi. Abin ya zama jiki, har wani mai amalanken shanu ya koma jiransa a wurin kowace Asabar, da igiya a hannu, yana shan rake.

A ƙarshe 'yarsa Hidaya ta yanke hukunci: "Baba, ko dai a sa maka na zamani masu kulle kansu, ko motar ta koma hannun Zakari. Ka zaɓa." Zakari mijinta ne, mutumin da ke danna wa akuya odar mota sannan ya jira amsa. Malam ya zaɓa.

A gareji, Na-Hagu ya fita lafiya lau, da sauran ƙarfinsa. Na-Dama ya ƙi fita. Tsatsa ta riƙe shi a sake, daidai inda aka bar shi.

"Malam, wanga ai ya yi shekara biyu ba a taɓa shi ba," in ji Maman Lawali. "Mantuwa kake yi?"

Malam ya ce shi da ya haddace kogunan Asiya bi da bi ba ya mantuwa. Ba gefensa ba ne kawai. Maman Lawali ya dubi Hidaya da ke tsaye a gefe, ya ɗauko guduma.

Mamatan sun bar tayoyi huɗu, da ta biyar da ake yawo da ita a baya ba ta aikin komai, da jak mai ciwon baya, da shebur da ya fi kowa shan wahala a jinyar. Sun kuma bar magada biyu da ake kira otomatik, masu sheƙi, fuska a shafe, babu wurin kamawa. Ba sa kulle kansu sai taya ta fara juyawa a banza, wato kamar kwamiti, sai matsala ta auku suke zama. Ba sa saki sai an ja mota da baya. Ba sa cewa komai. An ce wannan shi ne ci gaba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Ayari zai tashi daga gareji zuwa Jiratawa. Liman ya ce ba ya yi wa ƙarfe salla, an karɓi uzurinsa. Za a rufe Na-Hagu a gindin zogalen gabas. Na-Dama ba za a rufe shi ba, domin Malam ya ce ba shi da izinin mai shi. Babu zaman makoki, kuma an sallami masu turi tare da godiya.

Ana sanar da masu rakiya cewa za a tsaya a bakin yashi, ko da yake yanzu babu dalili, kuma kada wanda ya danna oda. Ana neman mutum ɗaya da zai zauna a kujerar dama. Ba abin da zai murɗa. In an tsaya, ya buɗe ƙofa ya sauka kawai.