Rasuwar Katin Sautin da Ya Ji Raɗa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, Halimatussa'adiyya Sodangi ta Runjin Sambo ke sanar da 'yan uwa, da abokan arziki, da waɗanda suka daina amsa gaisuwarta, rasuwar Katin Sautinta, ƙaramin baƙin akwatin nan da ke haɗa kwamfutarta da sifikoki. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara biyar.

Marigayin ya yi suna ne ranar da uwar ɗakinsa ta ƙi bin umarni. Lokacin tana aikin tace murya a wani gidan rediyo mai zaman kansa. Aka kawo mata hira da Inna Wasila, wata tsohuwa a Minanata, tana yabon rijiyar burtsatse da wani ɗan kwangila ya ce ya gyara. A sifikar jikin kwamfuta ba a jin komai sai godiya. Da Halima ta jona Marigayin, jar waya a dama, fara a hagu, sai ga muryar namiji ƙasa-ƙasa a bayan tsohuwar: "Ki ce ruwa na zuwa. Ki ce mun gode." Har ƙarar jarkokin da ba kome cikinsu ya fito da ita, kwam-kwam, a kan layi.

Manaja ya saurara sau biyu. Ya ce, "Goge raɗag ga, shirin na hita da Azahar."

Ta ce, "Yallaɓai, ba ni gogewa."

"Digirinki za ki ci?"

"Sai dai a sa wani."

Aka kuwa sa wani. Fauziyya, wadda suke cin abinci kwano ɗaya, ta goge cikin minti goma. Halima, wadda ta riga ta kwafi hirar ta asali a kwamfutarta, ta naɗe wayoyinta, ta sa Marigayin a jaka, don nata ne ba na ofis ba, ta tsayar da Keke Napep.

Shekara biyu suka yi tare a ɗakin tsakar gida. Ya sha zafin bazara a kan faifai, ana yi masa fifita kamar jariri. Ya tace tallan mai maganin basur, da karatun 'yan walimar sauka. Bai taɓa sa wa murya zuma ba, bai taɓa ɓoye tari ba. Duk ranar da mahaifiyarta ta ce, "Ke ɗiyag ga, ki tai ki ba Manaja haƙuri," sai Halima ta kunna raɗar nan, ya maimaita ta tsaf, bai rage ko harafi ba.

Ciwon ajali ya fara da kunnen hagu, tsss, sai gunji, sai shiru. Ranar Talata wuta ta dawo da ƙarfi, koriyar fitilarsa ta ƙifta sau ɗaya. Mansur mai gyara ya kwance shi, ya shinshina, ya mayar da murfi bai karɓi komai ba.

Ya bar tagwayen sifikoki, Hassan da Usaini, suna kallon bango. Ya bar kwamfuta guda, wadda yanzu in an kunna mata hirar, godiya kawai take faɗa.

Za a binne shi gobe bayan La'asar ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida. Ba za a sayar wa 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa ba, kada su wahalar da kansu. Waɗanda suka ce "mene ne a ciki, raɗa ce kawai" an yafe musu zuwa. Mai son yin sadaka ya kai jarka ɗaya ta ruwa Minanata, don rijiyar tana nan a bushe.

Fauziyya ce shugabar sashe yanzu. Halima ba ta da aiki, ba ta da halin sayen wani, kuma shaidarta ɗaya tilo gobe zai shiga ƙasa. Har yau ba ta goge ba.