Zakin da Sharfaddeen Ya Kawo Daga Kano

"...lafiya ƙalau, sai gajiya," in ji Sharfaddeen, ya zube a tabarmar kakarsa Hajiya Rakiya ko takalmi bai gama cirewa ba. Daga gidan zoo na Kano yake. Wata makaranta a Hanwa ce ta ba shi aikin hotunan dabbobi da za a sa a kalanda, aikinsa na farko tun da ya bar ɗaukar hoton biki. Har ya iso Tudun Wada jakar kyamarar na saɓe a kafaɗarsa.

"Maigida ya dawo daga farauta," Hajiya ta ce. "Ina naman?"

"Tsohuwa, bar ni in huta."

"Wane hutu? Miji ya yi sammako ya dawo hannu na dukan cinya? Nuna mini zakin."

Ya kunna kyamarar ya miƙa mata. Ta kai ta kusa da hanci, ta mayar nesa.

"Wannan ai buhun dusa ne a bayan raga."

"Idonki ne ya mutu. Zaki ne."

"Idona ya ga wayar kejin tar, har da tsatsarta. Waya suka aike ka ɗauka?"

Ya sauke ajiyar zuciya. "Akwai wata 'yar ƙofa a cikin gilashin kyamarar da haske ke shiga. Nan na tsuke ta da yawa, sai wayar ta fito, haske ya ragu, kyamarar ta yi nawa. Kafin ta ɗauka hannuna ya motsa."

"To ka wangale ta mana, kamar bakinka a gaban tuwo."

"Na wangale. Duba na gaba."

Ta duba. "Hanci na gani. Hanci mai kyau kuwa. Sauran zakin fa, ko a tashar Kwangila ya sauka?"

"Abin ke nan. In ka buɗe duka da wannan dogon gilashin, waya ta ɓace, amma wuri kaɗan ne ke fitowa sosai. Hanci ya fito, ido ya yi dishi-dishi. Tsakiya ake nema, wajen lamba takwas a ma'aunin ƙofar. Sai da rana ta yi sanyi na gano, lokacin kuma hannuna ya ƙi tsayawa."

"Gaba kura baya siyaki. Ni dai na yi asarar aure. Kakanka da hannu ɗaya yake ɗaga buhun gero."

"Shi ya sa ya mutu ya huta da bakinki."

"Ya mutu da ƙarfinsa. Kai ko wannan gwangwanin da kake ratayawa ya kayar da kai."

"Gwangwanin nan ya fi ki nauyi. Ke in iska ta taso sai an ɗaure ki a turmi."

"Na ji. Amma ni da wannan hannun na yi daka har na aurar da uwarka, bai taɓa rawa ba."

Ya kwanta rigingine ya rufe fuska da hula. Hajiya ta dube shi, ta ga abin ya wuce wasa.

"Yaushe suke so?"

"Jibi. In ban kai ba wani za su ba. Dole in koma gobe, kuma ban san yadda zan yi da hannun nan ba. Abin ɗora kyamarar ya karye tun bara."

Ta dafa bango ta miƙe, gwiwa na ƙara, ta shige ɗaki. Ya ji tana jan kaya a bayan gado. Ta fito da wata sanda mai kauri, kanta ya rabu biyu kamar gwafa, ta sha hannu har tana sheƙi.

"Ta kakanka ce. Ban taɓa ba kowa ba. Kafa ta a ƙasa ka ɗora hancin abin naka a nan."

Ya tashi zaune ya gwada. Gilashin ya zauna daram, ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Me kake gani?"

"Wata tsohuwa mai haƙori uku. Ta fito tar. Da ita zan cike watan Disamba."

Hajiya ta yi dariya har da tari. "Ka ci, ja'iri. Tashi ga tuwo can a rufe. Sandar kuma in ka bar ta a mota, kada ka dawo mini gida."