Ɗana Bai Taɓa Faɗuwa Jarrabawa Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Cibiyar Tsanin Lauyoyi, reshen Sendai, uban masu shiri, gatan marasa yanke shawara.

Bayan gaisuwa da sunkuyawa har goshi ya taɓa tabarma, ni ce mahaifiyar Naoya, ɗalibinku mai zama a layin gaba. Shekara uku ke nan da na kawo muku shi da tambaya ɗaya: jarrabawar shiga makarantar lauyoyi zai zauna, ko ta share fage, wadda ke tsallakar da mutum makarantar? Ga 'yan koke-kokena, ranka ya daɗe.

Na ɗaya. Kun sa shi ajin zaɓen jarrabawa. Da ya gama kuka ce zaɓi ba ya yiwuwa sai da tsari, ya koma ajin tsara karatu. Yanzu yana ajin bitar tsari. Shin akwai ajin da ake buɗe littafin shari'a, ko wannan sai a reshen Tokyo?

Na biyu. Jadawali ya cinye bangon ɗakinsa har ya rufe taga. A jikinsa, launin ja na karatun safe ne, shuɗi na hutu, kore na nazarin ko ja ya dace da safe. Littattafan kuwa suna nan cikin ledarsu, gwanin sha'awa.

Na uku. Mahaifinsa, wanda ciwon gwiwa ya hana tsayuwa gaban tukunyar taliya, ya roƙe shi ya kama masa aikin shago kafin ya gama zaɓen. Yaron ya dubi bango ya ce, "Baba, ba ka cikin wannan zangon." Yarinyar da ta daɗe tana jiransa ta tambaye shi maganar aure, ya ce zai auna hanyoyin biyu tukuna. Ta auri likitan haƙori da bazara.

Gaskiya kun cika alkawarin da ke rubuce a allonku, cewa ɗalibinku ba ya faɗuwa. Ta ina zai faɗi, tunda rajistar bana ta wuce shi yana zaune a taronku na kiyaye ranakun rajista?

Jiya kuma sai ga shi da murna, wai kun ɗauke shi aiki, zai riƙa ba sababbin ɗalibai shawarar jarrabawar da ta dace da su. Na gode ƙwarai da wannan karamci. Alfarma ɗaya tak nake nema: na ji an ce 'yar autarka na son zama lauya. A taimaka a sa ta a ajinsa.

Taka mai biyayya har ƙasa,
Kuwabara Fumie,
Shagon taliya na bayan tashar jirgi.