Ranar Da Kawu Ya Je Roƙon Hutu

Wani ne, mai tsaron sito a wani babban shagon kayan gini. Siminti, fenti, tayil, bututun ruwa, duk a hannunsa suke. Aikin bai wuce ya buɗe ƙofa da safe, ya zauna a kan wani tsohon bokitin fenti da ya kife, ya riƙa nuna wa leburori kaya da haɓa ba. Mutum ne mai zaman lafiya. Bai taɓa musu da kowa ba, don ko musu sai da tunani ake yin sa.

Sai aka yi sanarwar jarrabawar ɗaukar ma'aikata a wani babban ofis. Kujerun 'yan kaɗan ne, masu nema kuwa in suka yi layi sai sun tare titi. Mutuminku ya ce shi ma ya gaji da shaƙar siminti, yana so ya tsufa a ƙarƙashin fanka. Ya sa sunansa.

To a jarrabawar akwai takardar auna tunani. Za a ba ka 'yar magana, a ce ka nemo inda hujjarta ta yi rauni. Sai ya shiga darasin yamma a wani ɗaki da ke saman shagon tela, inda ƙarar keken ɗinki ke raka malami har a tashi.

Ranar farko malamin ya ce, "Wani mai shago ya yi wa ƙofarsa sabon fenti, sai ciniki ya ƙaru. Ya ce fentin ne ya jawo masa mutane. Me zai raunana maganarsa?"

Mutuminku ya ɗaga hannu. "Malam, fentin mai mai ne ko mai ruwa?"

Haka aka yi ta fama da shi. Malam na koyar da tunani, shi yana ba da shawarar kayan gini. Sai rannan, ban san me ya ci ba, aka maimaita tambayar fentin, ya buɗe baki ya ce, "Wataƙila maƙwabcinsa ne ya rufe shago, mutane suka dawo wajensa."

Malam ya ajiye alli, ya dube shi. "Madalla. Ashe akwai kai a wurin. Ka ci gaba da haka. Duk maganar da ka ji, ko a ina ne, ka nemo raminta."

Wallahi malamin nan da ya san abin da ya kunno da ya haɗiye yabonsa. Mutumin da tun haihuwa ba a taɓa ce masa yana da kai ba, yau an faɗa masa a gaban mutane. Ya sauko daga benen yana tafiya a hankali, kada kan ya zube.

Daga ranar unguwa ta shiga uku. Mai gadi ya ce za a yi ruwa don gwiwarsa na ciwo, mutuminku ya tsare shi sai ya kawo ranakun da gwiwar ta yi ciwo ba a yi ruwan ba. Mai aski ya ce hannunsa na da albarka, ya nemi shaida, aka sallame shi da rabin kai. Yara ma in sun hango shi sai su daina hira.

A gida ne abin ya fi muni. Matarsa, baiwar Allah, ta gan shi ya duƙufa a kan littafi, tausayi ya kama ta. Ta fito daga kicin tana goge hannu ta ce, "Baban yara, in sha Allahu za ka ci jarrabawar nan. Ai kullum kana karatu."

Ya ɗago kai. "Hujjarki ba ta da ƙarfi."

"Hujjar me kuma?"

"Kin ɗauka duk mai karatu yana ci. Sannan ke littafi kika gani a hannuna. Kin ga yana shiga?"

Ta yi dariya, ta zaci wasa ne. "To na ji. Amma dai na san saboda ni da yara kake wannan wahalar."

"Nan ma kin yi tsalle. Zai iya zama saboda ku. Zai iya zama saboda fankar ofis. Zai iya zama don in samu inda zan riƙa daɗewa ban dawo gida ba. Bayanin da kike da shi bai isa ki zaɓa ba."

Ta tsaya ta kalle shi daga rabin askin har ƙafa. Ta koma kicin. Can ya ji ana zuba abinci, ya ji cokula, ya ji yara suna santi. Ya jira, ya jira, shiru. Ya leƙa ya ce, "Nawa fa? Tun ɗazu nake jin ƙamshi."

Ta ce, "Ƙamshi ka ji. Ka ga an dafa da kai?"

Ku bar dariya tukuna, ba a zo wurin ba.

Ranar jarrabawa ta faɗo daidai da ranar da za a sauke manyan motocin kaya a shago. Mai shagon kuwa ya riga ya tara ma'aikata ya ce duk wanda bai zo ranar ba, kada ya wahalar da takalminsa washegari. Kun ga an zo wurin. In ya tafi jarrabawa babu izini, aiki ya tafi, ga mata ga yara. In ya zauna, fanka ta tafi.

Sai ya garzaya wajen kawunsa, ƙanen mahaifiyarsa. Kawun nan tare suka yi makaranta da mai shago, kuma shi ya roƙa masa aikin tun farko. Dattijo ne mai kunya, ba ya son roƙo, amma ɗan 'yar'uwa ne, ya zai yi? Ya sa rigarsa ta fita kunya, suka kama hanya.

A bakin ƙofa kawu ya riƙe masa hannu. "Ka ji ni da kyau. Ni zan yi magana. Kai naka gaisuwa, sai godiya. In ka ji bakinka na ƙaiƙayi, ka cije shi."

"To, Kawu."

Suka shiga ofis. Ɗan ɗaki ne cike da samfurin tayil, da kalandar wani kamfanin fenti, da fanka mai juyawa tana kuka. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tuna wani malamin lissafi mai bulala, aka yi dariya. Mai shago ya saki jiki. Har ya sa aka kawo wa kawu ruwan sanyi. Magana ta kusa ƙarewa tun ba a fara ta ba.

Kawu ya gyara zama ya ce, "Abokina, alfarma na zo nema. Yaron nan rana ɗaya yake so, ya je ya rubuta jarrabawa. Ka san shi, tun da ya fara aiki ban taɓa jin an ce ya yi fashi ba."

Mai shago ya gyaɗa kai. Mutuminku ya cije leɓe. Ya ƙara cijewa. Gumi ya keto masa. Rami ne a fili, ƙato, an bar shi a buɗe.

"Kawu, a gafarce ni. Rashin jinka ba ya nuna ba a yi ba. Kai ba ka zuwa nan. Yallaɓai kuma yana yawan tafiya. Ranakun da ba ya nan, wa ya gani?"

Mai shago ya ajiye kofi. "Wato kana fashi in na yi tafiya?"

"Ban ce ina yi ba, Yallaɓai. Na ce hujjar ba ta rufe wannan ƙofar ba."

"To ni na tambaye ka. Kana yi?"

"Jefi-jefi."

Kawu ya yi tari, ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya yi sauri ya canza hanya. "Yaro ne, bakinsa ke gaba da shi. Amma batun amana, ai kai shaida ne. Ko ƙusa ba a taɓa rasawa a siton nan ba."

"Ba a rasa ba, ko ba a duba ba?" in ji mutuminku. "Biyun ba ɗaya ba ne, Kawu. Layin baya, tun da rufin ya fara yoyo babu wanda ya leƙa. Buhunan simintin da ke can yanzu ko guduma ba ta shigarsu. Suna nan dai, ba su ɓace ba. In wannan kake nufi, to hujjarka ta tsaya."

Mai shago ya ce, "Rufin sito na yoyo?"

"Tun bara, Yallaɓai."

"Ka gaya wa wa?"

"Ba a tambaye ni ba."

Kawu ya cire hula, ya share kai, ya mayar. Wallahi tausayin matar da yaran yake ji. Ya ce, "Abokina, a bar wannan. Rana ɗaya ce tal. Aiki ba zai tsaya ba. Leburorinka sun san inda komai yake."

Idon mutuminku ya yi haske. "Yawwa, Kawu, wannan ta fi sauran ƙarfi. Gaskiya ne, sun fi ni sanin wurin. Ko barci ya ɗauke ni ba sa tashina, su ɗauki kaya su rufe ƙofa a hankali. Matsalarta ɗaya: ta yi ƙarfi da yawa. In aiki bai tsaya ba rana ɗaya, me zai tsayar da shi rana ta biyu? Ta uku fa? Ka ga hujjar ta wuce inda ka aike ta."

Mai shago ya jingina da kujera, ya harɗe hannu, yana kallonsa kamar yau ya fara ganinsa.

Kawu ya tattaro ɗan abin da ya rage masa. "To ka duba ta nan. In ya ci, sunanka ne ya ɗaukaka, a ce yaron gidanka ne. In bai ci ba, zai dawo ya riƙe aikinka da hannu biyu. Ko ta ina kai ke da riba."

"Kawu, ka ba shi hanya biyu alhali uku ne. Zan iya faɗuwa, in dawo, in ci gaba da neman wani wurin. Ai wannan ba ita ce ta farko da na nema ba. Sauran dai ba su kira ni ba ne."

Kawu ya dubi rufin ofis. Ya dubi ƙofa. Ya ɗauki ruwan sanyin ya shanye, don ya san ba za a sake ba shi ruwa a wurin nan ba. Ya ce, "Abokina, ni na gama. 'Yar'uwata ce ta haife shi, ba ni ba."

Mai shago ya juya ga mutuminku, murya a kwance. "Kai da ka iya, taimaka mini. Duk bayanin nan da aka yi, me ya kamata mai hankali ya fahimta?"

Mutuminku ya ji daɗi har kunne. Irin tambayar jarrabawa ce sak. Ya miƙe zaune, ya lumshe ido, ya auna, ya zubar da amsoshin da ba su dace ba.

"Abu ɗaya ne kawai bayanin ya tabbatar, Yallaɓai. Da mai tsaron sito da babu shi, siton ɗaya ne."

"Ka tabbata?"

"Babu rami ko ɗaya a ciki. Na duba."

"Lalle za ka ci jarrabawa."

Mutuminku ya waiwayi kawu yana murmushi, ko zai yaba. Kawu na neman takalminsa da ƙafa. Sai mutuminku ya juyo ya ce, "Na gode, Yallaɓai. To batun ranar fa? An ba ni?"

Mai shago ya miƙo tafin hannu.

"An ba ka ita, da duk waɗanda ke bayanta. Kawo makullin."