A Mayar Mana da Kujerunmu Biyu na Bakin Ƙofa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsara Fina-finan Bazara,
Ƙaramin gidan silima na bayan tashar bas,
Tare da sauran masanan da ke zama dama da hagunsa suna gyaɗa kai.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mutumin da ke naɗe wuyansa da mayafin ulu a tsakiyar bazara, ina fatan kuna lafiya, kai da mayafin. Ni tela ce. Ba ka san sunana ba, amma ka san muryata, tunda a kanta ka kafa doka. Ni ce matar da ke zama a kujerar ƙarshe ta bakin ƙofa duk ranar Talata da la'asar, kusa da wani dattijo mai baƙin tabarau. Dattijon nan mijina ne, kuma saboda shi na ajiye ɗinkin mutane na ɗauki biro.

Maigidana mai gyaran agogo ne, ko in ce a da. Ya ƙare ƙuruciyarsa da gilashi manne a ido yana tsintar ƙusoshin da ba su fi ƙwayar yashi ba. Da idonsa ya daina gani, sai ya rufe shago, ya shige ɗaki, ya daina fita. Likita ya yi magana, 'ya'ya suka yi, ƙannensa suka zo suka yi, ko gezau. Abu ɗaya ne tak ke sa shi ya laluba takalminsa da kansa, shi ne silimar Talata. Tsohon manajan gidan, wanda ya yi ritaya kafin zuwanku, shi ya ware mana kujeru biyun nan nesa da kowa, ya ce in riƙa gaya masa abin da ke allo a kunne. Shi yana jin muryoyi da kiɗa, ni ina cika masa sauran: wa ya shigo, wa ya laɓe a bayan labule, wacce ta harari wacce. Haka muke yi, ba mu taɓa damun kowa ba, har Allah ya kawo mana ku.

Ga ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Kun kwashe fina-finan da ake dariya, da waɗanda ake kuka, da waɗanda ake guje-guje, kuka kawo wani tsari da kuka raɗa wa suna "Bazarar Shiru da Nazari". Shirun dai mun gani da yawa, Allah ya saka. Fim na farko, wani mutum ne tsaye a gaban taga. Na jira wani ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, ba wanda ya zo. Na jira ko ya sosa kai, bai sosa ba. Na biyu, wani tsoho ne ya taso daga wannan gefen allo yana ratsa ƙanƙara, da ya isa wancan gefen sai ya juyo. Na uku bokiti ne a ƙarƙashin famfo mai ɗiga, kuma wallahi bokitin ya fi mutanen biyu ƙoƙari, don shi aƙalla ya cika. Ranka ya daɗe, masu shirya waɗannan fina-finai ba su da dangi ne? Babu wata gwaggo da za ta ja su gefe ta tambaye su ko lafiya?

Na biyu. Kun kashe na'urar sanyaya ɗaki, wai gurnaninta na ɓata shirun fim. Muka ce to a kunna fanka, aka ce ita ma tana da surutu. Kun kori mai gugguru saboda taunawa na da ƙara. Sai ga mu a zaune, riguna sun manne a baya, gumi na bin ƙafa, muna kallon wani tsoho na rawar ɗari. Rubutun fassara kuwa fari ne a kan farar ƙanƙara, amma wannan ban riƙe ku da shi ba, tunda ba a cewa komai balle a fassara.

Na uku, kuma a nan nake son ka buɗe ido, don na san yadda kake nazari a kujerar gaba. Ka tuna aikina shi ne in faɗa wa maigida abin da ke faruwa. To me zan faɗa? A fim ɗin taga na ce masa mutumin yana tsaye. Can ya taɓo ni, na ce har yanzu yana tsaye. Ya sake taɓo ni, na ce ya ɗan lumshe ido. Sai ya ja sandarsa ya ce, "Tashi mu tafi, uwar yara. Tsayuwa dai ni ma na iya ta." Na san mutumina. In ya fita daga wurin nan da wannan murya, ya fita ke nan, kuma ɗakin nan mai duhu zai koma.

Saboda haka na saka ɓarawo a fim ɗinku.

Na ce masa ya dakata, ga wani nan ya haura katanga da buhu a kafaɗa. Na ce ya zura kai ta tagar maƙwabta, ƙugunsa ya maƙale, ƙusa ta kama masa wando, ga kuma matar gidan ta taho da ludayi. Maigida ya saki sanda. Ya yi dariya har da buga ƙafa, irin dariyar da rabona da jin ta tun yana gani. Ni kuwa ina raɗa ina share hawaye, don daɗi ya kusa kashe ni. Daga ranar, duk fim ɗin da kuka kawo sai na yi masa gyara, kamar yadda nake wa rigar da wani tela ya ɓata. Tsohon ƙanƙara na haɗa shi da surukarsa tana bin sa a baya. Bokiti na sa 'yan haya biyu suka yi dambe a kansa. Ina taka keken ɗinki a shago ina shirya na mako mai zuwa. Ban zo neman gafara a kan wannan ba. In da adalci, sunana ya kamata ya fito a ƙarshen fim, tunda ni kaɗai na yi aiki.

Na huɗu. Masu kallon fina-finanku, Allah ya ƙara musu ilimi, ba su iya jin dariya ba. Tsaki ta ko'ina, harara har da juyowa da kujera. Mun haƙura. Sai ranar da kuka sake nuna fim ɗin taga, kuka gayyato wanda ya shirya shi daga ƙasarsu, kuka zaunar da shi a gaba da tafintansa domin zaman tattaunawa. Aka kunna fitilu, ka miƙe ka gyara mayafi, ka ce mai tambaya ya ɗaga hannu. Kowa ya sunkuya yana kallon takalminsa. Sai na ji hannun maigida ya tashi. Na ja masa riga, ya fizge.

Ya gaishe ku da kyau, ya ce shi ba tambaya gare shi ba, yabo ne. Ya ce a duk fim ɗin babu inda ya kai wurin da ɓarawo ya maƙale a taga, ƙusa ta riƙe masa wando.

Ranka ya daɗe, ka tuna abin da ka ce? Ni na tuna. Ka yi gyaran murya, ka dubi rufin ɗaki, ka ce wannan dattijo ya ga abin da masu ido da yawa ba su gani ba. Ka ce ɓarawon nan shi ne lokaci, wanda ke shigowa rayuwar ɗan Adam ba sallama. Ka ce ƙusar kuwa lamiri ce. Na damanka ya gyaɗa kai. Ta hagunka ta dafa ƙirji ta ce ita a daidai wurin ne ta kasa riƙe hawaye. Wani mai gemu a layi na biyu ya ƙara da cewa wandon ma ba a banza aka zaɓi launinsa ba. Duk wannan tafinta na juya wa baƙo, baƙo na ƙara zare ido. Da kuka gama ya karɓi abin magana ya yi 'yar gajeruwar magana, tafinta ya ce, wai baƙo na tambaya wane fim kuka kalla, don nasa babu ɓarawo, babu ƙusa, kuma wando ɗaya ne a ciki, yana jikin mai shi.

Ina tambaya cikin girmamawa: mijina makaho ne, shi yana da hujja. Ku fa? Waɗannan fina-finan da kuka hana mu fanka saboda su, kuka kori mai gugguru saboda su, ashe ku ma ba kwa kallo? Ashe lumshe idon nan da kake yi a kujerar gaba ba nazari ba ne? Mu da muke baya mun sha jin wani ɗan gurnani, muna ɗauka na'urar sanyi ce aka manta ba a kashe ba.

Na biyar, wanda ya fi ci mini rai. Mutum in ya ji kunya yakan nemi wanda zai sauke wa, kuma ku kun zaɓi mafi sauƙi. Kafin mu kai ƙofa, mai gemun nan ya tare mu a gaban jama'a, ya ɗaga murya kamar yana magana da kurma, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, matarka ce ke yaudararka." A gabana. Ni da nake yanke masa farce, nake jera masa magani, nake gaya masa inda matakala ta ƙare. Maigida ya ja hannuna muka hau titi. Can ya ce, "Uwar yara, ido na rasa, ba kunne ba. Wane ɓarawo ne za a maka wa ludayi bai yi ihu ba? Tun ranar farko na sani. Naki ya fi nasu, shi ya sa na yi shiru." Ya ce hannun da ya ɗaga ma don tsakin da ake mini ne, yana so ya ji ko masu tsakin sun fi shi gani. Muka taho gida muna dariya kamar yara, har mai shagon kusa da mu na tambayar ko an yi mana albishir ne.

Talatar da ta biyo baya shi ya riga ni shiri. Ya sa rigar da na ɗinka masa, ya goge tabarau, yana ta tsokanata wai yau wa zan saka a fim. Muka iso muka tarar da sanarwa a ƙofa, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa an hana magana a ɗakin kallo, ko da raɗa ce, domin kare martabar fasaha. Mai sayar da tikiti, baiwar Allah, ta kasa haɗa ido da ni. Ban karanta masa ba. Na ce a raina in mun zauna a wurinmu, wa zai ji mu? Muka shiga, ya saki hannuna kamar yadda ya saba, don daga ƙofa zuwa kujerarsa ba ya bukatar kowa. Ya miƙa hannu zai dafa, sai ya dafa ganye. Kun cire kujerun biyu, kun ajiye tukunyar fure.

Ya shafa ganyen, ya shafa bakin tukunyar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Mu je gida."

Ina taya ku murna da wannan fure. Na tabbata ba ya dariya, ba ya raɗa, ba ya ɗaga hannu a zaman tattaunawa, kuma yana fahimtar fina-finan daidai da yadda kwamiti ke fahimtarsu.

Ranka ya daɗe, ban ce ku canza tsarinku ba. Ku riƙe tagarku, ku riƙe bokitinku, ku bar fanka a kashe, gumi ba baƙonmu ba ne. Ban ce ka ba ni haƙuri ba, don na san mayafin ba zai bar maganar ta fito ba. Kujeru biyu nake roƙo, na bakin ƙofa, da izinin in sa bakina a kunnen mijina. In raɗata ta fi ƙarfin fasaharku, to a duba lafiyar fasahar.

In kuma kwamiti ya zauna ya ga hakan ba zai yiwu ba, ina da wata shawara da na san za ta burge ku. Tun ranar nan maigida bai sake neman takalminsa ba. Da safe yakan ja kujera gaban tagar ɗakinmu ya zauna, fuskarsa na kallon waje, har rana ta faɗi. Ba ya magana. Ba ya dariya. Na gwada saka masa ɓarawo, ya ce in bari. Babu mai shigowa, babu abin da ke faruwa, kuma fankarmu ma ta lalace. Ku turo mai kyamara. Irin fim ɗinku ne sak, kuma wannan karon ku kuka shirya shi da kanku.

Taku mai biyayya, mai durƙusawa har ƙasa tunda babu kujera,

Tela,
Matar mai gyaran agogo,
Wadda fure ya gaje wa wurin zama.