Ranar da Zoɓo Ya Kusa Mayar da Ni Maraɗi

Sani, abokin ɗakina, ya ce, "Zuba zoɓon nan a kula ka sa ƙanƙara, kowa ya ɗiba da kofi." Na ce wannan ai ƙauyanci ne. Ni a kwalabe zan ɗura, in murɗe murfi tam kamar na kamfani. Har ɓawon abarba na ƙara, da sukari ba ƙaƙƙautawa.

Na jera kwalaben a but ɗin motar kafilina, wato maigidan da nake yi wa tuƙi, da niyyar kai wa mutanenmu ranar Juma'a. Sai na manta. Kwana uku suna shan zafin Riyad.

A kasuwar Aziziya kafil ya buɗe but zai saka kankana. Sai ji na yi fau! Jar kumfa ta wanke masa farar jallabiya, ga wari kamar gidan burukutu. A ƙasar da giya ke kai mutum kurkuku! Nan take na hango iƙamata, takardar izinin zamana, a yage, ni kuma a jirgin Yamai.

Ya shinshina hannun rigarsa, ya dube ni. Na shiga rantse-rantse da guntun Larabcina. Sai ya tuntsire da dariya, ya ce, "Ya shaikh, haka sobiyar mahaifiyata take yi in ta wuni a rana." Wato abin shansu na azumi. Sai lokacin numfashina ya dawo.

Tsautsayi ya sa na ba Sani labari, shi kuma ya baza wa mutanenmu. Yau shekara biyu, ko ruwan gora na miƙa wa mutum, sai ya ja da baya ya ce, "Mai kamfani, buɗe da kanka."