Fusatattun Matasan Gindin Darbejiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tarwatsa zanga-zanga ni kaɗai ba, babu kulki, babu barkonon tsohuwa.

Lokacin ina aika wa wani gidan rediyo rahoto daga Haɗeja. Ba a ɗauke ni aiki ba tukuna, gwada ni ake yi. Editanmu kuwa ba ya son labari mai sanyi. In ka ce masa mutane sun taru, sai ya ce ai ko a gidan suna ana taruwa. (A wurinsa na koyi cewa mai zanga-zanga ba ya zuwa wuri, sai dai ya yi dafifi, ba ya roƙo, sai dai ya yi Allah wadai.)

Da safe na ji ƙishin-ƙishin cewa manoman shinkafa za su kai kuka sakatariyar wata ƙaramar hukuma da ke kusa da mu. Kachala, ciyawar nan mai toshe hanyar ruwa, ta cike musu magudana: gonakin wasu sun nutse, na wasu ko ɗigo ba ya isa. Na hau acaɓa. Ba mu yi nisa ba taya ta yi faci. Mai faci na neman gam, ni ina safa da marwa a bakin titi, waya na ta ruri. Edita ya ce labaran rana sun matso, za a sa ni kai tsaye.

Da na ce ban isa ba tukuna, da an wuce wurin. Sai na gyara murya. Na shaida wa duniya cewa fusatattun matasa sun yi wa sakatariyar ƙawanya, harkoki sun tsaya cik, ana zaman ɗar-ɗar, kuma masu lura da al'amura na ganin wannan somin-taɓi ne na guguwar sauyi. (Mai lura ɗaya ne kusa da ni, mai facin, shi ma taya yake lura da ita.)

Dab da shiga garin muka ci karo da dattawa suna ta sauri, tabarmi a naɗe a hammata, ɗaya da damin kachala a ka. A gabansu Malam Bukar ne, mahaifin matata. Aurenmu bai daɗe ba, ko haɗa ido da shi ba na iya yi. Na diro, na tuɓe takalmi, na durƙusa. Bai bari na gama gaisuwa ba.

"Alhamdu lillahi, ka fito lafiya," in ji shi. "Ta wace ƙofa matasan suke? Mu ba mu gan su ba."

A tsaitsaye suka ba ni labari. Sun zo ne yadda manya ke kai kuka: suka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, suka aika a yi musu iso, damin kuma don shugaban ƙaramar hukumar ya gani da idonsa. Sun sha zuwa ba su same shi ba, yau ya ce zai gan su bayan azahar. Suna cikin jira sai wani ya kunna rediyonsa. A ofis ma ashe an kunna. Nan da nan motar shugaba ta fice ta baya, aka rufe ƙofa. Su kuma suka ce kada rigimar yara ta shafe su, suka naɗe tabarmi. Mai damin ya so su tsaya, ya ce shi bai ga kowa ba sai awaki. Malam Bukar ne ya tashe su, ya ce surukinsa ne ya faɗa, kuma yaron ba ya faɗin abin da bai gani ba.

Ina durƙushe, wayata na ruri a aljihu.

"Baba," na ce, ina kallon ƙasa, "ku ne matasan."

Mai damin ya sauke kayansa a hankali, ya shafa furfurarsa.

"Har da fusatar, duk mu ne? Malam Bukar, ashe da sauranmu."

Suka yi dariya, ban da surukina. Ya dubi hanyar sakatariya, ya dube ni, ya ce in tashi, ƙasa da zafi. Da mari ya yi mini, da ya fi sauƙi.

Shugaba bai sake sa musu rana ba a wannan kakar. Gayya suka kira suka sare kachalar da hannu, ni ma aka aiko mini. Na wuni cikin ruwa iya ƙugu da lauje, dattawa na bakin gaɓa suna tambayar ko guguwar ta iso.

Abin da na koya bai da yawa: kafin ka kira mutane fusatattu a rediyo, je ka gaishe su tukuna. Wataƙila a cikinsu akwai wanda ya ba ka 'yarsa.